Bokitan Baba Sada

Duk wanda ya san fadamar Gwaram ya san Baba Sada. Kakanninsa makiyaya ne, shi kuwa da garma ya tashi, kuma abin da ya rage masa na gado bijimai biyu ne da yake huɗa da su. Mafaɗaci ne na gaske, amma bai taɓa zagin ambaliya ba. In ruwa ya cinye shinkafa, cewa yake ai ya bar laka. Ka bi sawunsa da irin wake tun ƙasa na da laima, ka fanshe asararka.

Sai ga shekarar da ruwan ya haɗa har da rumbunsa, ya tafi da irin. Wata ƙungiyar agaji ta zo daga Birnin Kudu, ma'aikaciyarta Hidaya, 'yar manoman Kangire, ta raba bokiti da sabulu da buta.

"'Yata, an gode," in ji Baba Sada. "Amma ni irin wake nake so. In laimar nan ta tafi, sai na sayar da bijimaina mu ci."

"Wallahi na sani, Baba. Masu ba da kuɗin sun ce na kayan tsafta ne kawai. In na sayi iri da shi, a bakin aikina. Bari in nemi izini."

Neman izini ya tafi Dutse, ya wuce Abuja, ya haye teku. Ana cikin jira aka sake rabo, bokiti ya zama huɗu a gidan da babu abin zubawa. Abin takaici, ga kuɗi, ga mai iri a kasuwa, ga ƙasa tana jira, amma akalar tana hannun wanda bai taɓa taka fadama ba. Kullum Baba Sada sai ya je ya tura yatsa cikin ƙasa, ya dawo yana huci, matarsa Inna Hapsatu ta sha faɗan da ba nata ba.

Izini ya iso bayan fadama ta bushe ta tsattsage, ihu bayan hari. Hidaya ta kawo irin da kanta, ta kasa haɗa ido da shi. Waken jajawur yake da maganin ƙwari, ko dafawa ba za a yi ba. Baba Sada ya juye shi cikin bokiti ɗaya ya rufe.

Ranar kasuwa shi da kansa ya kora bijiman, bai yarda kowa ya raka shi ba. Da la'asar ya dawo, babur na biye da shi da buhunan dawa, shi kuma yana tafe a ƙasa da igiyoyi biyu a hannu.