Katako Mai Ƙara

Taubashiyata ta ja ni shagon kayan gini, wai in taya ta zaɓen tayil ɗin kicin, ita da ko ruwan zafi ta ɗora sai an kira 'yan kwana-kwana. Tana can tana juya kaloli, ni kuwa idona na kan wani dattijo.

Dogo ne, sai ka rantse da kansa ake share yanar silin. Rigarsa ta sha guga, amma maɓallan sun saɓa, kowanne ya shiga ramin maƙwabcinsa. Da alama babu wanda ya dube shi kafin ya fito. Shi ba ya kallon kala, takawa yake yi. Ya taka tayil ɗin gwaji, ya karkata kunne, ya koma kan katako yana kai da kawo kamar mai gadin banki.

Mai shago ya gaji. "Baba, kicin fa ka ce. Tayil ba ya tsoron ruwa. Katakon nan kuwa in ya kwana biyu, ko kyanwa ta taka sai ya yi ƙara."

"Ƙara sosai?"

"Sosai. Har ɗaki za a riƙa jin tafiyarka, mutanen gida su yi ta ƙorafi."

Dattijon ya sake takawa a hankali, katakon ya amsa masa. Na shirya tsokanata tsaf, sai dattijon ya riga ni magana.

"Ni ne mutanen gidan," in ji shi. "Auna mini katakon."