Safiyar da na karanta wa Kawu lambobi

Akwai wata safiya a Illela da na san ba za ta fita raina ba har in koma ga Allah. Ni ce da kawuna a gindin itacen bedi, wato dogon yaro, da ke ƙofar gidansa, da wata tsohuwar kwamfuta da na ɗora a kan kifaffen turmi.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karatun ruwan ƙarƙashin ƙasa. Aikin kammala karatuna a kan rijiyoyin wasu masu noman albasa ne a wata fadama kusa da Konni. Rijiyoyin nasu na ƙafewa tun albasa ba ta ƙosa ba, suna son su haɗa ƙarfi su gina babba guda, amma ba su san inda ya kamata a gina ta ba. Ni kuwa da rawar kan ƙuruciya na yi musu alkawarin kawo amsa ranar taronsu. Saura kwana huɗu.

Irin wannan aiki, ana yanka ƙasar ne gida-gida a cikin kwamfuta, kowane gida da lissafinsa, kowane lissafi kuma a sarƙe yake da na maƙwabtansa. Dubbai ne, mutum ba ya iya su da hannu. Akwai wasu manhajoji da masana suka rubuta suka tara wuri guda don warware irin wannan sarƙa, mu ɗalibai laburaren lissafi muke ce musu. Kwamfutar kan fara da ƙiyasi, ta duba kuskuren da ya rage, ta gyara, ta sake zagayowa, har kuskuren ya ƙanƙance. Matsalata ita ce duk wannan a shiru take yin sa. In na danna, sai fuskarta ta tsaya baƙa, wani ɗan ɗigo fari na ƙyaftawa. Ga shi bazara ce, kuran, wato wutar lantarki, na ɗaukewa, batirin bai wuce awa biyu. Sau uku tana mutuwa ban ga komai ba, sau biyu kuma ni na kashe ta da kaina don haushi.

Kawu tsohon mushe ne, kamar yadda muke kiran malamin boko, lissafi ya koyar a lakwal, wato makaranta, har ya aje aiki. A lokacin idanunsa sun tafi, haske da duhu kawai yake bambancewa. Amma kunnensa ba ya barin komai. Da ya ji tsakina ya yi yawa sai ya ce, "Ɗiyata, ina ta kai?"

Na ce, "Ban sani ba, Kawu."

"Aiki take ko barci?"

"Shi ma ban sani ba."

"To mi tac ce miki?"

"Ba ta cewa komai sai ta gama."

Ya gyara zama a kan tabarmarsa. "Duk shekarun da niy yi riƙe da alli, ɗan lakwal bai taɓa kawo mini amsa tsura na karɓa ba. Sai ya gwada mini hanyar da yab bi. Ke kin tambaye ta kuwa?"

Na ji kunya, don gaskiya ban tambaya ba. Na buɗe bayanin laburaren, wanda a da tsallake shi nake yi, na tarar ashe masu shi sun bar wata ƴar ƙofa. Kana iya rubuta ɗan umarni ka miƙa masa, shi kuma ya riƙa kiran umarnin a ƙarshen kowane zagaye. Layi uku na rubuta: ta faɗi zagaye na nawa take, da yawan kuskuren da ya rage. Na danna. Sai ga lambobi suna saukowa ɗaya bayan ɗaya. Har yanzu ina tuna yadda tsikar jikina ta tashi.

"Karanta mini," in ji Kawu.

Na fara. Zagaye na goma, saura tara. Na ashirin, saura bakwai da rabi. Na talatin, shida. Ya sunkuyar da kai, ya aje carbinsa a gwiwa. Muka kai wajen na ɗari biyu, lambar ta ƙi sauka daga biyar. Ta ɗan hau, ta ɗan sauka, ta koma inda take. Na ci gaba da karantawa ina fatan ta motsa, sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Wagga ba ta zuwa ko'ina, ko shekara kinka ba ta. Amsar da kike nema babu ta cikin abin da kinka ba ta." Ya ɗago kai. "Kin hwaɗa mata ana ɗibar ruwa daga rijiyoyi. Kin hwaɗa mata ta inda ruwan ke shigowa?"

Na duba. Bayanan gefen gulbi, inda ruwa ke tsatsowa cikin fadamar, na manta ban haɗa su ba. Kwana uku ina sa ta nemo daidaito a ƙasar da ake kwashe ruwanta ba a mayarwa. Na gyara, na sake dannawa, batir ya riga ya wuce rabi.

Wannan karon lambobin gangarowa suka yi. Huɗu, biyu, ɗaya, rabi, sannan sifiri da ɗigo, sifirai na ƙaruwa a gaba. Duk sanda na tsaya shan numfashi sai ya ce, "Ci gaba mana!" kamar mai sauraron ƙwallo a rediyo. Matarsa ta kawo mana fura, babu wanda ya taɓa ta. Kafin kiran azahar kwamfutar ta rubuta cewa ta gama. Kawu ya yi dariya har da tafi, sannan ya share ido da bakin rawaninsa. Ya ce shi ma ya sha koyar da wannan hanya a allo, da lissafi uku kacal, yara na hamma, bai taɓa zaton zai rayu ya ji ta tana nemo wa mutane ruwa ba.

Na kai wa masu albasa amsarsu a kan lokaci, daga baya aka gina rijiyar kusa da inda na nuna. Ranar da zan koma, Kawu ya rako ni har bakin hanya yana dafe da kafaɗata. Ya ce, "Duk inda kinka kai cikin karatunga, ki kira ki shaida mini. Ko ba ki gama ba."

Na ce to. Na samu gurbin ƙarin karatu nesa da gida, aikin ya ninka na farko wuya. Sai na riƙa ce wa kaina bari dai in sami sakamako mai kyau tukuna, in kira shi da labari cikakke. Da salla nakan gaishe shi a gurguje, in ya tambayi aiki in ce ana nan ana fama. Innata ta sha gaya mini cewa yana cigiyata. Da daminar shekara ta biyu, ina cikin rubuta babi na ƙarshe, aka bugo mini cewa Allah Ya yi masa rasuwa.

Yau ni ke koyar da wasu, kuma ba na barin ɗalibi ya tada dogon lissafi ba tare da ya sa shi faɗin inda ya kai ba. Amma abin da na koya ya fi wannan nauyi. Kawu bai taɓa neman in kawo masa nasara ba, so yake ya ji muryata ina cikin fama, ya sa mini baki, ya yi mini addu'a. Na hana shi wannan don ina son in burge shi. Wanda ya damu da kai, ka ba shi labarinka tun yana rabi. Ba ka da tabbacin zai kai ranar da za ka gama.