Ƙwaya Biyu a Hannun Riga

Kullum da safe muna layi a ƙaramin asibitin unguwarmu a saman tudun Lima, muna haɗiye maganin tarin fuka a gaban nas. Yau wani baƙon dattijo ne a gabana, dogo, wuya duk jijiya, rigarsa na warin fetur.

Nas Eulogia ta ce, "Buɗe baki, Don Saturnino."

"Haba 'yata, ni yaro ne?"

Yana ɗaga harshe, babu komai. Amma ni na ga ƙwaya biyu sun zurare cikin hannun rigarsa.

Lallai akwai mai tari a gidansa da yake ɓoye wa maganin, ƙila matarsa, tana tsoron maƙwabta su gan ta a wannan layi. Shi a ganinsa ƙauna ce. Rabin magani ba ya warkarwa, taurin kai yake koya wa cutar. Haka na raba nawa da ƙanwata Nélida. Wata shida aka ce min zan yi ina shan magani, ga ni a na goma sha tara, ita tana kabari.

Na cafke hannun rigar.

"Haɗiye, tsoho. Gobe ka kawo matar taka."