Tumunin Iya

Lokacin da mahaifinmu ya rasu, gonarmu a bayan gari take. In za ka je, sai ka wuce gidajen ƙarshe, ka bi ta gefen maƙabarta, sannan ka hau jigawa. Abin da ya raba mu da maƙabartar shingen ƙaya ne da 'yan itatuwan aduwa. A layin da ke jikin shingen aka binne mahaifin namu. In za mu tafi noma, mahaifiyarmu, wadda muke kira Iya, takan ce mu rage hayaniya a can, Malam yana kusa.

A Haɗeja tudu ba abin wasa ba ne. Ƙasar kwari tana son shinkafa da tattasai, amma da damina in ka haƙa rami, kafin ya kai gwiwa ruwa ya tsatso. Shi ya sa magabata suka kai matattunsu kan jigawa, inda yashi yake a bushe ko da marka.

Ban iya cewa ga shekarar da gari ya zo ya same mu. Mutane dai suka yi ta shigowa. Wasu ambaliya ta tashe su daga ƙauyukan bakin kogi, wasu ciyawar kacala ta toshe musu wuraren kamun kifi da noma, wasu daga gabas suka zo neman inda za su yi barci da ido biyu a rufe. Na wajen Birniwa da Kafin Hausa kuma kasuwa ta kawo su, suka ga wuri, suka aika a taho da iyali. Mu ma 'yan gari ba mu zauna haka ba, kullum ana suna. Wata shekara muka je yankan gero muka tarar gonar maƙwabcinmu ta zama gidaje, har da mai shayi a inda kukarsa take.

Maƙabarta ma ta cika. Masu unguwanni suka kai kuka ga hukuma, hukuma ta duba ta ga babu fili a jikin maƙabartar sai gonarmu. Wanda aka turo mana abokin karatuna ne tun firamare, yana aiki a sashen kuɗin shiga. Ya zauna a soronmu, ni da yayana muna saurare, ya ce ana son gonar, kuma za a biya diyya.

“Yaushe?” in ji Yaya. Shi mutum ne da ba ya son kewaye-kewaye.

“Da zarar an sa a kasafin kuɗi.”

“Kasafin bana ko na jikokina?”

Abokina ya yi dariya, don ya san halinsa. Daga nan ya yi mana bayani, kuma ban ga ƙarya a ciki ba. Ya ce kason da ke zuwa daga sama albashi ke cinye shi tun bai huce ba. Abin da ake tarawa a kasuwa da tasha kuwa, ga kwasar shara, ga yashe magudanan ruwa, ga gyaran famfo. Sannan yawancin sababbin unguwannin sun tsallake iyaka, a wata ƙaramar hukuma suke a takarda. “Can ake lissafa su,” ya ce, “amma a nan suke cin kasuwa, a nan suke zuwa asibiti, in sun mutu kuma nan ake kawo su.”

Muka jira damina biyu. Dillalan filaye kuwa ba su jira ba, kullum suna soro, kowa da farashinsa, kuma na yau ya fi na jiya. Yaya yana da 'ya'ya sun tasa, gidan gado ya yi musu kaɗan. Ni ina koyarwa, ina gidan haya. Ƙannenmu mata ma kowacce da tata bukata. Ranar da Yaya ya ce jiran gawon shanu ya ishe shi, babu wanda ya musa masa. Aka kira malami ya raba gado, aka auna gona, aka yanka ta fuloti-fuloti.

Rabon Iya tumuni ne, ɗaya cikin takwas, kamar yadda shari'a ta ba matar mamaci mai 'ya'ya. Da aka tambaye ta ta wane gefe take so, ta ce na jikin shinge. Sannan ta ce ta ba da shi wakafi, a haɗa da maƙabarta, ba ta son sisin kowa. Yaya ya ɓata rai, don gefen ne ya fi tudu. Amma duk mun san dalili. Ba ta taɓa ɓoye cewa tana son a kwantar da ita kusa da Malam ba.

Na ce, “Iya, to bari a keɓe miki wuri a ciki, a sa alama.”

Ta dube ni kamar na yi saɓo. “Wa ka taɓa ji ya kama wuri a maƙabarta kamar rumfar kasuwa? Mutuwa rigar kowa ce. Wanda ya riga zuwa shi ke da wuri.”

Gaskiyarta, a wajenmu ba a yin haka. Kabari ba na kowa ba ne sai ranar da aka haƙa shi. Ban sake tayar da maganar ba. A lissafinta kuma ba ta yi kuskure ba: ta manyanta, ga ciwon ƙafa, ga fili mai faɗi. A garin da ta sani, wurin zai ɗauki shekara da shekaru kafin ya cika.

Sai ga shi Allah ya ja kwananta. Garin kuma ba shi ne wanda ta sani ba. Da can in an yi rasuwa kowa ya ji. Yanzu a yini ɗaya sai ka ga makara ta wuce, wata ta biyo baya, ba ka san mai ita ba, ba ka san masu ɗauke da ita ba. Duk lokacin da na dawo daga jana'iza na shiga gaishe ta, bayan ta yi wa mamacin addu'a sai ta ce, “Ina aka kai?” Nakan ce an wuce aduwa ta farko. Daga baya na ce an kai tsakiya. Akwai lokacin da na fara rage mata, amma mata masu zuwa gaisuwa suna ba ta labari, sai na daina.

Ranar da na ce mata wuri ya cika, tana gyaran zogale a faifai. Ba ta ɗago ba.

“Baƙi ne yawanci?”

Na ce yawanci.

“To, Allah ya jiƙansu. Malam ma mai son baƙi ne.”

Ban san abin da ta ji a ranta ba. Ni dai na ji zafi, na tashi na fita.

Hukuma ta samo sabon wuri, wanda kuɗinta suka iya saye: wani kwari a gefen gari da ko dillalai ba su waiwaye shi ba. An kewaye shi, an kuma ce za a cike shi da ƙasa in kuɗi sun samu. Abokina da kansa ya faɗa mini cewa da babu gara ba daɗi. Da rani wurin ba shi da laifi.

Iya ta rasu a tsakiyar marka, da safe, bayan an kwana ana ruwa. Muka je da masu haƙa. Wuri na farko ruwa ya cika shi tun ba a yi nisa ba, aka koma wani, shi ma yana tsatsowa. Muna kwalfewa da roba, yana dawowa a hankali. Ga gawa an shirya tana jira a gida, kuma ba a jinkirta jana'iza.

Ban lura da lokacin da Yaya ya bar wurin ba. Can sai ga shi a kan babur mai ƙafa uku, rigarsa duk laka, bayan babur ɗin cike da buhuna. Gidansa ya je, wanda ya gina a fulotinsa na gonar, jikin sabon shingen maƙabarta, ya haƙi tsakar gidan. Ya sauke, ya kwance bakin buhu, ya zazzage a cikin ramin. Yashi ne ja, a bushe, irin wanda muke shuka gero a kai. Muka shimfiɗa shi da hannu har ruwa ya daina nunawa, sannan aka aika a ɗauko ta.

Da muka sa ta, aka jera itace, Yaya ya ɗauko buhun da ya rage ya juye a sama. Ya karkaɗe shi sosai, ya ce a hankali, “Iya, daga jikin shinge na ɗebo.”