Sawun Rumasa'u

Duk wanda ya zauna a unguwar Misfala ta Makka a shekarun alif ɗari tara da sittin ya san Rumasa'u mai waina, ko bai san fuskarta ba ya san tafiyarta. Jan ƙafa take yi. Baƙo in ya gan ta sai tausayi ya kama shi, ya ce baiwar Allah tana fama da ciwo, alhali lafiyarta ƙalau, ta ma fi shi. Sawunta take gogewa tana tafe.

Tana yarinya iyayenta suka baro wani ƙauye a ƙasar Katsina da niyyar hajji, a ƙasa. Suka ci shekaru a hanya, a tsaya a yi ƙwadago a Cadi, a tsaya a tsinci auduga a Sudan. A can uwarta ta kwanta, ƙafafu suka kumbura, har ta cika tana rantsuwa wata maƙwabciya ce ta ɗebi ƙasar sawunta ta kai wa boka. Wasiyyarta ɗaya ce: kada ki bar gashinki, ko farcenki, ko sawunki inda hannun mutum zai kai. Rumasa'u ta riƙe wannan magana fiye da yadda ta riƙe karatun allo.

A Makka ta auri Tsoho mai ɗaukar ruwa a garwa, mutumin da ko kaza bai taɓa zargi ba. Ita ta ɗauke masa aikin zargin gaba ɗaya. In ka yaba wainarta, ta ce me kake nema. In ba ka yaba ba, ta ce wa ya zuga ka. Ta haifi 'ya'ya bakwai, kuma a unguwar da ƙyanda kan shigo ta yi ɓarna, ko ɗaya ba ta binne ba. Wannan ne dukiyarta, shi ne kuma tsoronta. Kowa ya tambaye ta 'ya'yanta nawa, amsar ɗaya ce: "Suna nan."

Katangar kwano ce kawai tsakaninta da Zinariya. 'Yar Jawa ake ce mata, don a Makka duk wanda ya fito daga gabas mai nisa Jawa ne, amma ita ƙasarta Biyetnam. Mijinta Idris tela ne, Musulmi tun kaka da kakanni, ita kuwa a hannunsa ta musulunta. Sunanta na gida ya gagari harshen unguwa, sai aka laƙaba mata Zinariya saboda wani siririn awarwaro da ba ta cirewa. Ɗansu ɗaya, Salihu, sun baro shi wajen kakarsa da niyyar in sun zauna da gindinsu su aika ya zo. Yaƙi ya yi tsanani a can, zuwan ya gagara.

Ba a ce ba sa shiri ba. Suna aron gishiri, suna haɗa Larabcin lungu da Hausar da Zinariya ta tsinta su yi hira. Abin da ya fara tsaya wa Rumasa'u a rai shi ne bikin sabuwar shekarar mutanen su Zinariya. Shekaru biyun farko ya faɗo dab da ƙaramar Sallah, ya ɓace cikin hidimar kowa. A ta uku Sallah ta wuce, Shawwal ma ya kusa ƙarewa, sai ga Zinariya ta tashi haiƙan da shara da wanke tukwane. Ta kafa busasshen reshe a tulu ta manna masa furannin rawayar takarda. Rumasa'u ta kafa ido a hujin kwano. Wace irin Sallah ce wannan da ba ta bin watan Musulmi?

Sai kuma ga ganyen ayaba, wanda a Makka sai an sha wuya ake samunsa. Zinariya ta shimfiɗa shi, ta zuba wata shinkafa mai danƙo, ta sa ƙananan wake da kitsen rago a tsakiya, ta naɗe ta ɗaure da zare tam, gaɓa gaɓa. Yini guda tukunya na tafasa. A idon Rumasa'u, babu abin da aka taɓa ɗaurewa haka sai laya.

Da la'asar Zinariya ta leƙo, ta kira ta da jara, wato maƙwabciya.

"Ya jara, gobe da sassafe ki zo gidana. Ke ta farko. Kafin kowa."

"Ni? Lesh, don me ni?"

"A wurinmu, wanda ya fara taka gida a sabuwar shekara, shi ke shigo da shekarar. Ana zaɓen mai albarka. Ke 'ya'ya bakwai, kullu suna raye." Ta ɗaga yatsu tana ƙirgawa, tana murmushi. "Ni ɗaya. Yana nesa."

Rumasa'u ta bi yatsun da kallo. An ƙirga mata 'ya'ya a kan yatsu, babu ko tubarkalla! Amma kunyar maƙwabtaka ta hana ta ƙi. Washegari ta je, ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa yadda aka roƙe ta, ta taka lallausan yashin tsakar gidan. Aka zaunar da ita a tabarma, Zinariya ta warware ɗaurin nan, ta yanka shi da zarensa, fala-fala. Ga Idris da wasu 'yan ƙasarsu biyu sun iso daga baya, ana ta gaisuwa da shayi, an ajiye kwano ɗaya a gefe da sunan Salihu. Rumasa'u ta yi bisimilla sau babu iyaka kafin ta kai loma baki. Abin haushi, da daɗi.

Da za ta fita ta ɗaga ƙafa za ta goge sawunta, Zinariya ta riƙe ta.

"La, la! Bar shi. Kwana uku ba ma shara. In an share, alheri ya fita."

Kwana uku Rumasa'u na leƙen sawunta ta hujin kwano, yana nan raɗau, Zinariya na kewaye shi kamar mai kewaye jariri.

Ba a yi wata biyu ba babban ɗanta Hashimu ya faɗo a wurin gini ya karye. A ina? A ƙafa. Tsoho ya ce tsautsayi ne, katako ne ya goce, yaro kuma ga shi yana warkewa. Rumasa'u ta dube shi kallon da ake yi wa wanda ba ya gane komai. Ita dai ta san an fara ɗiba daga cikin bakwai ɗinta ana kai wa ɗaya na can, kuma ta yi alkawari ba za a ƙara ba.

Shekara ta kewayo, ta sittin da takwas. Ƙamshin dafaffen ganye ya sake tsallako katanga, Zinariya ta sake leƙowa da roƙonta, har da cewa bara Salihu ya wuni ya kwana lafiya shekara guda, albarkacin ƙafar jara. Rumasa'u ta ce to. Tsoho ya yi mamakin saurin amsawar, don bai ga guntuwar tsintsiyar da ta soke a ƙugu ba.

Ta shiga, ta gaisa, ta ci abin da aka ba ta. Da ta miƙe sai ta zaro tsintsiya, ta duƙa, ta soma shara da baya da baya, tun daga bakin tabarma.

"Ya jara! Haram alaiki!" Zinariya ta yi kanta ta kama mata hannu. "Ba yau ba! Don Allah ba yau ba!"

"Sawuna ne. Da shi na zo, da shi zan koma."

Ta fizge, ta tattara yashin har bakin ƙofa ta watsa shi lungu. Zinariya ta durƙusa tana tare ƙasar da tafin hannu, tana wata magana da harshensu. Rumasa'u ta koma gida zuciyarta wasai, ta ɗora tanda, ranar har gyara ta yi wa masu sayen waina.

Bayan 'yan kwanaki Tsoho ya dawo daga gidan gahawar da ake sauraron rediyo, ya ce an ce yaƙin ƙasar su Idris ya shigo har cikin birane, kuma a tsakiyar bikin nan nasu. Rumasa'u ta ce Allah ya kyauta, ta ci gaba da gyaran shinkafa. Da alhazai suka fara isowa, wani dattijo ɗan garinsu ya nemi shagon Idris. Salihu ya fita kai wa dangi gaisuwar shekara, wutar yaƙi ta rutsa da shi a hanya. Dattijon na cikin waɗanda suka yi masa sutura.

Rumasa'u ta san rai a hannun Allah yake. Zinariya ma ta sani, da bakinta ta faɗa a zaman makoki, ba ta ɗora wa kowa laifi ba. Tsintsiya ba ta kashe mutum a wata ƙasa, Tsoho ya faɗa ya maimaita. Sai dai zuciya ba ta jin irin wannan magana. Rumasa'u ta yi kuka na gaske, ta yi ta aika waina da kunu, ana karɓa ana godiya. Abu ɗaya ta lura da shi, don mai zargi ba ya rasa gane ɗan'uwansa: duk sanda suka haɗu, Zinariya ba fuskarta take kallo ba, ƙafafunta take kallo.

Da shekara ta sake kewayowa, garin ya cika da alhazai, ƙamshin ganyen ya taso kamar kullum. Rumasa'u ta jira a leƙo, ba a leƙo ba. Ta ƙunsa lalle, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Da gari ya waye ta fito ba takalmi, ba komai a ƙugu, ta tsaya a ƙofar Zinariya ta yi sallama.

Ƙofar ta buɗe kaɗan. Zinariya ta rame, awarwaron har yana zamewa. Ta miƙo ɗauri guda na shinkafar, da ɗuminsa, ta yi mata barka da shekara da Larabci.

"Kullu sana wa inti tayyiba, ya jara."

"Na zo in taka miki ne. Ki bar sawun ko wata guda ne, wallahi ba zan taɓa ba."

Zinariya ta sa ƙafa ta tokare ƙofar.

"Tsaya nan. Bari wani ya fara shiga."

Rumasa'u ta tsaya rungume da ɗaurin, kunya da baƙin ciki sun cika ta. Babu wanda ya zo. Can ta juya, ta taka ƙasar lungun sosai, ƙafa bayan ƙafa, ba ta ja ko ɗaya ba, karo na farko tun rasuwar uwarta. Sai da ta kai ƙofarta ta waiwaya. Zinariya ta fito da buta, tana bin sawun ɗaya bayan ɗaya tana zuba masa ruwa.