Takalman Bashari

A kasuwar kayan gwari ta Al-Aziziya kowa ya san Kondayya, Ba'indiyen nan mai taje gashin baki a madubin motocin mutane. Darakta, in ji shi. A ƙasarsu fim ɗaya tal ya taɓa shiryawa da harshen Telugu. Fim ɗin ya lashe gonar shinkafar surukinsa, 'yan kallo kuwa suka watse tun ba a kai rabi ba. Shi ne ya tattaro ya taho Riyad, garin da a lokacin ko gidan sinima babu, ya zama mai lura da masu sauke albasa. Amma bakin nan bai mutu ba. Buhu za a sauke, sai ya daka tsawa wai a sake, bai yi kyau ba.

Bashari direba ne ya faɗa hannunsa. Idon Innarsa yana ta dushewa a Gumel, ga fasfo a hannun kafil, wato ubangidan da ya kawo shi ƙasar, ba halin tafiya. Ta aiko a nuna mata fuskar ɗanta ko a bidiyo ne, kafin duhu ya rufe. Jibrin, ɗan garinsu, zai je gida, sai Bashari ya roƙi Darakta ya ɗauke shi yana gaisuwa.

"Sadik," in ji Kondayya da Larabcinsa na kasuwa, wato aboki, "jarumi ba ya fitowa haka kawai."

Wai a finafinansu ba a fara nuna fuskar jarumi, sai an ja wa mai kallo rai. Aka kwashi Bashari zuwa bayan garin Dir'iyya, aka ƙwama masa baƙin tabarau, wani na yi masa fifita da kwali don rigarsa ta kaɗa. Gaisuwar ma aka danne ta da ganguna. Bashari, sakarai, har daɗi ya ji.

A Gumel aka tayar da janareto, aka zaunar da tsohuwa dab da talabijin. Takalmi, ƙura, ƙeya, agogo, takalmi kuma. Da fuskar ta fito, tabarau ya cinye rabinta. Kafin a aika wani faifan, idon ya rufe ruf.

Kondayya, marar kunya, har yau yana gaya wa masu albasa an haska fim ɗinsa na biyu a Afirka. Bashari kuwa ya kira gida.

"Inna, kin gan ni?"

"Na ga takalmanka, ɗan nan. Allah ya sa ka kashe su lafiya."