Ranar da Na Kai Surukata da Takwararta Wurin Likita

'Yata ta biyu sunan surukata aka sa mata, shi ya sa bakina bai taɓa kiran sunan ba. Mama Ƙarama nake ce mata. Tun tana rarrafe ba ta san zama ba. In na aike ta sayo gishiri, sai ta dawo mini da labarin akuyar da ta haihu a bakin mayo, wato rafi, gishiri kuwa ko ƙwaya. Malamarsu ta ce kai akwai shi, amma kafin a gama rubuta tambaya a allo ta riga ta amsa, ta miƙe, ta leƙa taga, fensir ya ɓata.

Ni a ajin yaƙi da jahilci na coci na koyi karatu, da goyo a bayana. Na san daɗin abin da ya zo mini a makare. Don haka ranar da surukata ta ce za ta cire yarinyar daga makaranta, ta tafi da ita ƙauyen Kwaja noman gyaɗa, hankalina ya tashi.

"Boko ba na kowa ba ne," in ji ta. "Wannan rawar kai daga gidanku ta ɗauko. Mu gidanmu natsuwa gare mu."

Tana faɗa tana neman muciya. Muciyar na hammatarta.

Na ce, "Haka ne, Mama." A wurinmu matar ɗa ba ta musu da uwar miji. Baban yara kuwa, da zarar uwarsa ta ɗaga murya, sai ya tuna keke napep ɗinsa na son wanki.

Malamar ce ta gaya mini akwai wata likitar yara da ke zuwa daga Yola lokaci-lokaci, ta ce in shirya, za ta yi tambaya har a kan dangi. Maganar dangin nan ta zauna mini a rai. Da safe na durƙusa na ce, "Mama, ke ce babba, ke kika san tarihin gida. Ki raka mu." Ta ji daɗi, har ta ɗaura zanen zuwa coci.

Likitar ta daɗe tana tambayata, tana duba abin da malama ta aiko, tana kallon yarinyar. Sannan ta ce abin yana da suna, da Turanci ADHD. Ba iskoki ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba.

"A gaban ƙwaƙwalwa akwai wurin da ke riƙe mutum," in ji ta, "kamar birkin keke napep. Injinta lafiya lau, birkin ne ke jinkirin kamawa. Akwai maganin da ke taimaka wa yara da yawa, sai dai yakan rage cin abinci, don haka za mu riƙa lura. Masu bincike kuma sun ga yawanci gado ne, yana bin..."

"Gado!" Mama ta tare ta, tana nuna ni da yatsa. "Na faɗa! Tambaye ta, 'yar nan, tambaye ta gidansu."

Likita ta tambaye ni ko nakan fara aiki in bari, ko nakan manta tukunya a wuta. Na ce a'a a hankali. Ta ce, a gidan fa, akwai wani mai irin halin?

Na sunkuyar da kai. Mama ta riga ta tashi daga kujera. Ta ɗauki robar sauraron ƙirji ta juya ta, ta ajiye a inda ba nan ta ɗauka ba. Wata mota ta wuce da shanu za ta kasuwa, sai ga su biyu a taga, babba da ƙarama, kowace tana kaɗa ƙafar hagu.

Likita ta kalle su, ta kalle ni. Ni dai siminti nake kallo, kamar ban taɓa ganin siminti ba.

"Kaka," in ji ta, "ke da kina yarinya yaya kike?"

"Ni? Wuta ce ni! An sa ni makarantar mishan, ban daɗe ba malam ya rako ni gida da kansa, wai na fi ƙarfinsa. Ta taga nake fita. Baba ya ce to, ga fartanya."

Ta yi dariya, sai dariyar ta tsaya a hanya. Ta dubi takwararta, wadda a lokacin take ƙarƙashin tebur.

"Har yau ban iya rubuta sunana ba," in ji ta, ba da ƙarfi ba. Can kuma ta gyara ɗauri. "Maganin nan, ba zai kashe mata kuzari ba?"

"In ya yi, ku dawo, mu rage ko mu canza."

"To. Takwarata ba inda za ta. Wai wa ma ya kawo zancen Kwaja?"

Na ce, "Ban sani ba, Mama."

A hanya Mama ta cika mai keke da labarin cewa likita ta auna, ta ga ƙwaƙwalwar jikarta irin tata ce sak. Tun daga bakin layi muka ji ƙauri. Waken da ta ɗora kafin mu fita ya zama gawayi.

Mama Ƙarama tana makaranta har yanzu, a bencin gaba, kusa da malama, nesa da taga. Fensir yana ɓata, amma ba kullum ba. Maganin daga Yola ake aiko shi, kuma surukata ta kafa doka: ba mai ba takwararta shi da safe sai ita, don mutanen gidan nan mantuwa gare su.

Kowace safiya nakan ajiye kwalbar kusa da kofin kunun Mama, in koma shara.